Saƙonku ya kwana a gidanku

Duk wanda ya shigo shagonmu a Kaduna, tambayar farko ɗaya ce: "Injiniya, ai WhatsApp kyauta ne, me zan biya?" Na gaji da amsa ta, amma ba na fasawa. Ran 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa 6. Wani asibiti da muka yi wa aiki bai ko girgiza ba, likitoci na ta musayar saƙo, don sabarsu, wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonninsu, tana nan ɗakin da ke bayan ofishin akanta.

Sana'armu ke nan, ni da yarana uku. Muna kafa wa ma'aikata ko ƙungiya hanyar aika saƙo tata ta kanta, bisa tsarin Matrix da aka fara a 2014, manhajar waya kuma Element. Kamar imel yake: kowa da sabarsa, amma sabobin suna gaisawa da juna. Saƙo yana kullewa tun a wayar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a wayar wanda aka aika wa. Ni da na ɗora sabar ma ba na iya karantawa. WhatsApp ma yana kulle saƙo, ban musa ba. Amma bayanin wa ya yi magana da wa, da ƙarfe nawa, yana hannun kamfani a Amurka. Faransa ta ga haka, ta fitar wa ma'aikatanta manhajar Tchap a 2019 a kan Matrix ɗin nan, sojojin Jamus kuma suna da BwMessenger. Mu ma tun 2023 muna da dokar kare bayanai.

Ɗora saba ba shi ne aikin ba, wannan yini ɗaya ne. Aikin shi ne makullai. Mukan zauna da kowane ma'aikaci, waya kusa da kwamfuta, mu gwada 'yan hotuna 7 da manhajar ke nunawa, sai sun dace sak mu amince da na'urar. Makullin ceto kuwa, wato lambar sirrin da ke buɗe tsofaffin saƙonni idan waya ta ɓata, da biro ake rubuta shi, a liƙe a ambulan, a sa a sef. Wani Darakta ya yi mini dariya, wai abu na zamani amma da takarda. Da aka sace wayarsa a tasha, ambulan ɗin nan ne ya dawo masa da hirarrakin shekara biyu.

Wannan natsuwar a wajen maigidana na koye ta, a wani kafe na intanet, lokacin ina yaron shago. Wayar kebul ɗaya zai sa ka sake matse kanta sau biyar. Sabata ta farko kuwa ɗauke wuta ce ta cinye ta, ba ni da kwafi ko ɗaya. Tun ranar ba na taɓa aiki sai na ga inbata da batura da idona.

Shi ya sa masu araha ke ba ni haushi. Yaro ya kalli bidiyo, ya yi hayar saba a ƙasar waje, ya bar ƙofar rajista a buɗe, ya karɓi rabin abin da muke caji ya ɓace. Watan jiya wata ƙungiya ta kira mu gyaran irin wannan aika-aika. Mun tarar da baƙin asusu da ba wanda ya san masu su, sai da muka rushe komai muka fara daga tushe. Shugabar, da ta ga lissafi, sai ta ce, "Haba Injiniya, ba ragi?"