Mako na bakwai: safar kilt ta kai idon sawu, an kuma tsayar da riga

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Makon jiya na bar ku ina shirin warware safar da na saƙa da jan zare. To na warware ta, kuma a wajen warwarewar ne na fahimci abin da ya kamata in sani tun kafin in sayi ulu.

Ga waɗanda ba mu fara tare ba: maigidana zai halarci ɗaurin auren abokin aikinsa a nan Gilasgo ta ƙasar Sikotland, ango kuma ya roƙi abokansa su sa kilt, wato zanen nan na mazan Sikotland mai ninki-ninki ta baya. Adon layuka masu gicciyar juna da ke jikin yadin kilt shi ake kira tatan, zuriyoyinsu kuma suna da nasu na kansu; tun da ba mu da dangi a cikinsu, sai muka ɗauki wanda kowa ke iya sawa, Hunting Stewart. Kore da shuɗi da baƙi ne suka mamaye shi, sai siraran layukan ja da na ruwan ɗorawa da suka ratsa. Maigida ya sa tela ya sauke masa tsawon kaɗan don ya rufe gwiwa, ni kuma na ɗauki alkawarin safa.

Kuskuren farko daga waya ya zo. Na buɗe rajistar tatan ta Sikotland, wadda aka buɗe a 2009, na dubi hoton, na je kanti na zaɓo ja mai kama da wanda na gani. Ashe tatan guda ana rina shi iri-iri. Lissafin zaren ɗaya ne, amma akwai rinin da suke kira na zamani, mai duhu da ƙarfi, akwai na dā mai haske, inda kore ke yin haske, shuɗi ya koma kamar sararin sama, ja kuma ya karkata zuwa ruwan lemo. Namu na dā ne. Da na ɗora jar safata a gefen yadin, sai ta yi ta ihu ita kaɗai. Don Allah kada wanda ya sayi zare sai ƙyallen yadin na hannunsa, kuma ya fita da su waje ya duba da hasken rana, domin fitilar kanti tana canza launi.

Ko da jan ya dace, da bai yi ba, kuma nan ne na daɗe ina tunani. Na jingina kilt ɗin a kujera, na ja da baya zuwa ƙofar ɗaki. Daga nesa layukan duk sun narke, abin da ido ke gani kore ne mai sirkin shuɗi. Idan safa ta zama kore sak irin wannan, mutum zai koma dunƙule guda daga ƙugu har ƙasa. Idan kuma ta zama ja gaba ɗaya, ƙafa za ta ƙwace kallo daga yadin da aka kashe wa kuɗi. Sai na tuna yadda mahaifina ke zaɓen hula: ba ya neman launin shaddar, zaren aikin wuyan rigar yake dubawa, ya samo hular da wannan launi ya ɗan leƙo a cikinta. Haka na yi. Jikin safar na ɗauko shuɗi mai sirkin toka, wanda a nan ake kira lobat, ya fi shuɗin yadin laushi. Jan kuma na bar shi ga 'yan ƙyallayen nan biyu da ke leƙowa daga ƙarƙashin naɗin safa, waɗanda ke haɗe da maɗaurinta. Ɗan jan nan ya isa ya amsa wa layin da ke jikin kilt.

Wani shagon haya ya so ya haɗa mu da farar safa, wai tana shiga da komai. Na ƙi. Tana shiga da komai ne don shago ya huta da ajiye launuka, amma a ƙafa fari yana raba mutum gida biyu, ido ya sauka kan ƙwauri kafin ya ga komai. Masu busa algaitar Sikotland da yawa suna sa ta a matsayin kayan ƙungiya, wannan daban. Akwai kuma safa mai ɗauke da zanen tatan ɗin kansa, ko mai dara-dara ja da baƙi, ta manyan bukukuwan dare ce, saƙarta kuma ta fi ƙarfin hannuna a yanzu.

Ga inda saƙar take. Zaren ulu ne kashi 75, nailan kashi 25, saboda diddige ya jure. Tsinke mai milimita 3 nake amfani da shi. Na fara da naɗin sama, na yi masa igiya-igiya, sannan na juya aikin ciki waje kafin in ci gaba. Wannan juyin kada ku manta da shi: naɗin zai lanƙwaso ƙasa ne, in ba ku juya ba bayan saƙar ne zai fito fili. Bayan naɗin na yi ɗan yanki mai matsewa da ƙaramin tsinke, inda maɗauri zai zauna. Sha-raɓa ce ta fi cin lokaci. Na auna ƙafar a wuri uku, ƙasan gwiwa da tsakiyar sha-raɓa da idon sawu, na riƙa rage idon saƙa bibbiyu a layin baya har na sauko. Sau biyu na sa maigida ya gwada tun tana kan tsinke. Bakin naɗin ya tsaya kamar yatsu uku ƙasa da ƙoƙon gwiwa, yadda ake so.

Riga ba ta ba mu wahala kamar safa ba, sai dai mun yi gardama. Shi ya so rigar nan mai faɗin hannu da igiyar fata a wuya, don tana da sakewa. Ta rawa ce da zaman nishaɗi, ba a ɗora mata kwat da nakatayi. Biki kuwa na rana ne, don haka kwat ɗin ulu mai kauri ruwan gawayi zai sa da falmaran ɗinsa. Da bikin dare ne na baƙar kwat mai maɓallan azurfa, da farar riga kawai za a nema a huta. Na shimfiɗa riguna uku a kan kilt ɗin. Mai dara-dara ta faɗi nan take, don layi a kan layi yana sa ido jiri. Fara ƙal ta yi kyau, amma a kan rinin dā ta ɗan yi tsauri. Mai shuɗi-shuɗi mara ado ita ta kwanta, har ta yi magana da safar. Nakatayi zai zama na ulu, kore mai duhu, launi ɗaya.

Abin da ya rage mini diddige da tafin ƙafa, sannan ƙafa ta biyu gaba ɗaya, ga saura mako biyar. Na rubuta yawan layukan kowane sashe a littafi don ta biyun ta fito daidai da 'yar'uwarta. Wadda ta taɓa saƙa diddige mai ninki biyu a cikinku, ina so in ji ko ta ci gaba da tsinken da ta yi ƙafa da shi ne ko ta sauka zuwa ƙarami, domin ranar Asabar zan kama shi in sha Allahu.