Mun auna gudun rubutu a tsohuwar kwamfutar DOS

A can ƙuryar shagona, kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi, akwai kwamfutoci biyu da ba na sayarwa ba ne. Ɗaya irin XT ce, mai furosesar Intel 8088 (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin allo na CGA, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a allo, ɗayar kuma 386 ce mai katin VGA. Dukansu da DOS suke aiki, tsohuwar babbar manhajar da ake ba umarni da rubutu. A gwanjon kayan wani ofis na same su, haɗe da tafireta da kujeru masu karyayyen baya. Ita XT ɗin ko agogo mai batir ba ta da shi. Kullum ka kunna ta ka tambaye ta kwanan wata, sai ta ce maka yau Talata ce, 1 ga Janairun 1980.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a ATBU yakan zo ya taya ni gyaran firinta idan sun samu hutu. Ran da na kunna masa XT ɗin na buga DIR, umarnin da ke jero fayiloli, tsayawa ya yi yana kallon sunayen fayiloli suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya, allon yana ƙiftawa duk sanda sabon layi ya shigo.

"Kawu, ai wannan tana rubutawa ina karantawa."

Na ce masa a zamaninmu akwai manhajojin da ba su da wani aiki sai maganin wannan jan ƙafar. Layi ɗaya za ka ƙara a CONFIG.SYS, fayil ɗin saiti da DOS ke karantawa idan an kunna kwamfuta, ka kashe ka kunna, rubutu ya kama gudu. Ya ce in dai ba a canza furosesa ba, ba a canza kati ba, to daga ina gudun zai fito? Na ga surutu ba zai gamsar da shi ba, sai na ce ya share teburi mu auna.

Sai dai kafin awo dole a san hanyar da harafi ke bi. Allon rubutu na kwamfutar IBM ta 1981, da duk waɗanda suka kwaikwaye ta, layi 25 ne, kowane layi gurbi 80, gurabe 2,000 ke nan. Kowane gurbi bayit biyu yake ci (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta), ɗaya na harafin, ɗaya na launinsa da launin bayansa, jimilla bayit 4,000. Waɗannan bayit ɗin suna zaune a ma'adanar katin allo, wadda a CGA take farawa daga adireshin B800. Duk lambar da aka ajiye a can, katin ne da kansa zai mayar da ita harafi a kan gilashi, sau 60 a daƙiƙa. Furosesa ba ta zana komai, ajiye lamba kawai take yi.

Jinkirin a hanya yake. Manhaja za ta miƙa rubutu ga DOS ta ƙofar da ake kira INT 21h. DOS ya leƙa ko an danna Ctrl-C, sannan ya miƙa wa direban allo, ƙaramar manhajar da ke kula da allo, harafi guda. Direban ya miƙa wa BIOS, manhajar da ke dashe a cikin injin tun daga kamfani, ta ƙofar INT 10h. BIOS ya duba yanayin da allon yake da shafin da ake kai, ya lissafa adireshi, ya jira lokacin da ya dace, ya rubuta, sannan ya aika wa guntun Motorola 6845 da ke kan katin saƙo cewa a matsar da alamar nan mai ƙiftawa gaba. Harafi na biyu ya zo, a sake komai daga farko. Duk wannan kuwa a kan furosesa mai gudun megahaz 4.77 wadda bayit ɗaya-ɗaya take ɗauka. Manhajar da ba ta da haƙuri takan tsallake DOS ta je BIOS kai tsaye, wadda ta fi ta rashin haƙuri ta tsallake su duka ta rubuta a ma'adanar katin da hannunta. Haka manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta yi tun fitowarta a 1983.

A wannan tazarar masu hanzarta rubutu suka samu abin yi. ANSI.SYS, wanda ya zo tare da DOS 2.0 a 1983 don launi da sarrafa allo, shi ma ta BIOS yake bi, ya ma ƙara tsawon hanyar. A 1986 Daniel Kegel ya rubuta NANSI.SYS, mai yin aikin ANSI.SYS amma yana zuba haruffa kai tsaye a katin. Daga baya Tom Almy ya ɗora NNANSI a kansa saboda katunan EGA da VGA. Akwai kuma FANSI-CONSOLE, na kuɗi, wanda ya karɓe har aikin allo na BIOS. NANSI ne nake da shi a wani tsohon fulofi, da shi muka yi.

Yaron ya zaro wayarsa zai danna agogon awo. Na ce ya mayar da ita aljihu, babban yatsansa za mu auna ba kwamfuta ba. Injin yana da nasa agogon da ke ƙirga lokaci muddin yana kunne. A kan babban farantin da ke cikin injin, wato motherboard, akwai kiristal mai bugun megahaz 14.31818. A raba shi uku a samu 4.77 na furosesa. A raba shi 12, a sake rabawa da 65,536, a samu bugu 18.2 a daƙiƙa, kuma BIOS yana tara ƙidayar a adireshin 0040:006C. Ita kanta lambar 14.31818 ninki huɗu ce ta siginar launi ta talabijin ɗin Amurka, NTSC. Mu nan PAL muke kallo, amma duk wanda ya taɓa duba lokaci a DOS a garin Bauchi da ma'aunin talabijin ɗin Amurka aka ƙirga masa.

Abin lura shi ne kowane bugu kusan kashi 55 ne cikin dubu na daƙiƙa. DOS yana nuna maka lokaci har da kashi ɗari na daƙiƙa kamar ya san su ɗaya bayan ɗaya, alhali tsalle yake yi biyar-biyar ko shida-shida. Saboda haka gwajin da ya ƙare cikin bugu uku ko huɗu ba gwaji ba ne, kuskuren bugu ɗaya ya isa ya juya sakamakon. Dole a tsawaita shi har bugu ɗaya ya zama ba komai ba.

Sai faifai. Idan ka buga TYPE, umarnin nuna abin da fayil ya ƙunsa, a kan fayil da ke fulofi, rabin abin da kake jira gurnanin fulofin ne. Muka ɗora RAMDRIVE.SYS na MS-DOS 5.0, mai mayar da wani ɓangare na ma'adanar kwamfuta kamar faifai, muka kwafe fayil ɗin cikin ma'adana, muka fara tura shi zuwa NUL, wato a karanta a zubar ba tare da ya taɓa allo ba. Abin da wannan ya ci shi ake cirewa daga kowane awo.

Manhajar gwajin shi ya rubuta ta da Turbo Pascal 5.5, abin rubuta manhajoji, yana ta mitar cewa babu linzami. Na zaɓi Turbo Pascal ne don yana ba ka hanyoyin nan uku a hannu ɗaya. In ba ka kira Crt ba, wato sashensa mai kula da allo, rubutunka ta DOS zai bi. In ka kira Crt ka kashe zaɓinsa na DirectVideo, ta BIOS zai bi. In ka bar DirectVideo a kunne, kai tsaye cikin kati. Rubutu ɗaya, inji ɗaya, hanya ce kawai ta bambanta. Na kuma ce ya tsayar da kowane layi a harafi 79. Idan ka cika 80 ɗin, alamar da kanta take faɗawa layin ƙasa, sannan umarnin sabon layi ya sake tura ta, ka wayi gari allon yana turawa sama sau biyu a kan kowane layi, lissafinka ya lalace ba ka sani ba.

Ta hanyar DOS, da ANSI.SYS a ɗore, nan ne aka fi jan ƙafa. Da muka cire shi muka sa NANSI, bambancin bai ma buƙaci agogo ba, ido ya gani. Yaron ya gyara zama. Ta hanyar BIOS kuwa, da NANSI da babu NANSI lamba ɗaya muka samu, in ban da bugu ɗaya da ke kaiwa da komowa. Haka ta hanyar kai tsaye, wadda dama ta bar sauran a baya nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: NANSI a ƙofar DOS yake zaune, wanda bai biyo ta ƙofar ba ko ganinsa ba zai yi ba.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne da muka gajarta layukan. Idan allo ya cika aka zo da sabon layi, sai an kwashe layuka 24 an matsar da su sama, kowanne bayit 160, bayit 3,840 ke nan, don kawai a samar wa bayit 160 wuri. Fayil mai layi 1,000 haruffansa ba su kai 80,000 ba, amma kafin ya gama wucewa an yi jigilar bayit sama da miliyan 3.7. Muka mayar da kowane layi harafi ɗaya tak, sai tazarar da ke tsakanin hanyoyin ta tsuke, saboda yanzu kusan duk lokacin a turawa sama yake tafiya, ba a rubutu ba. Ke nan manhaja ɗaya tana iya fitowa gwarzuwa da dogayen layuka, ta koma ba yabo ba fallasa da gajeru. Wanda ya ce maka tasa ta ninka gudu sau kaza, tambayar farko ita ce da wane fayil ya auna.

Akwai kuma batun ɗige-ɗige. Katin CGA irin na asali, a yanayin gurbi 80, idan furosesa ta taɓa ma'adanarsa daidai lokacin da yake karantawa don zana allo, sai fararen ɗige-ɗige su watsu ko'ina. Maganinsa shi ne a riƙa leƙa tashar 3DA, inda katin ke nuna halin da yake ciki, ana jira sai hasken da ke zana allon ya kai ƙarshen layi ya juyo, a saka harafi a wannan ɗan tsakanin. Ƙiftawar da yaron ya gani tun farko ma daga nan take, BIOS kan kashe hoton na ɗan lokaci idan zai tura layuka sama. A Turbo Pascal wannan jiran sunansa CheckSnow. Muka kashe shi, lamba ta yi kyau, allon kuwa ya koma abin tausayi. A ganina duk awon da bai faɗi ko da jira aka yi shi ko babu ba, bai cika ba, domin katunan kwaikwayo da yawa ba su da wannan ciwon, mai irin su ya ci riba, mai irin nawa ya samu gudu da ciwon ido.

A kan 386 labarin gajere ne. VGA ba ta ɗige-ɗige. A saitin BIOS akwai zaɓin kwafe BIOS ɗin katin allo daga ma'adanar ROM, mai nauyin jiki, zuwa ma'adanar RAM mai sauri. Muna kunna shi hanyar BIOS ta sassauta ba tare da an ɗora wata manhaja ba. Kuma a wannan injin ko da hanya mafi jan ƙafa rubutu ya riga ya fi ƙarfin ido, sai ka haɗa da MORE, umarnin da ke tsayar da rubutu shafi-shafi, ko ka ajiye yatsa a kan maɓallin Pause.

Masu kwamfutocin Atari ST da Amiga, waɗanda ba irin na IBM ba ne, sun fi mu buƙatar irin waɗannan manhajoji, don su ba su da allon haruffa irin namu, furosesa ce ke zana kowane harafi ɗigo-ɗigo. Allon baƙi da fari na ST bayit 32,000 ne, ninki takwas na namu. Shi ya sa Turbo ST da Quick ST da NVDI suka yi kasuwa, Amiga kuma aka haɗo mata FastFonts a Workbench 1.3. Manhajar awon da masu ST suka yi yayi, Quick Index, daga gidan da ya yi Quick ST ta fito. Ban ce an yi coge ba, amma ko a Muda Lawal, in mai hatsi ne ya zo da mudu, mai saye yakan ɗaga shi ya leƙa gindinsa.

Duk wannan ya tuno mini da 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi, lokacin da aikin buga takardu ya yi wa shagunan kwamfuta yawa. Akwai wani bawan Allah da ke zagayawa da fulofi a aljihun gaba, yana sa wa mutane abin ƙara gudu a biya shi. Wani abokina akawu ya biya, ya kuma rantse mini cewa Lotus ɗinsa ta ƙara sauri. Na ce masa ba ta yiwuwa, Lotus ba ta bi ta DOS wajen rubutu. Ya ce, "Malam, kai kana da ilimi, ni kuma ina da ido."

Bayan wani lokaci aka kawo mini kwamfutar gyara, na buɗe AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin umarnonin da DOS ke bi idan an kunna kwamfuta, na tarar da layin da ba na direban allo ba: MODE CON RATE=32 DELAY=1. Wannan madannai yake taɓawa. A yadda suke zuwa, in ka danne maɓalli sai ya jira rabin daƙiƙa kafin ya fara maimaitawa, kusan sau 11 a daƙiƙa. Da wannan layin jiran ya koma rubu'in daƙiƙa, maimaitawar ta kai wajen 30. Mutumin da yininsa yake ƙarewa yana danne kibiya yana gangarawa cikin jerin albashi, ai dole ya ga aiki ya yi sauri. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, kuma babu ko ɗaya cikin gwaje-gwajen da muka yi da zai kama wannan.

Da na ba yaron labarin sai ya ce a ƙara gwaji na huɗu: a danne maɓalli, manhaja ta ƙirga haruffa nawa suka shigo cikin bugu 182, wato daƙiƙa goma. A 386 ya yi aiki, ƙidayar ta kusa ninkawa uku bayan layin MODE. Ya ɗauki fulofin ya nufi XT, na ce kada ya wahalar da kansa. Madannan XT aikawa kawai suke yi, ba sa karɓar irin wannan umarnin daga kwamfuta, sai daga kan AT ta 1984 aka fara yi musu magana su ji. Duk da haka sai da ya gwada.