Wake ya yi ƙwari, ni kuma ina can ina "killace amfanin gona"

A rumfar wani abokina dillalin wake, a kasuwar Dawanau, na gano cewa na shafe wata huɗu ina magana ni kaɗai kamar mai sambatu.

Ni malamin gona ne, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke yayyafa wa wake fiya-fiya kafin su ɗinke buhu. Ba mugunta ce ke sa su ba, tsoron asara ne. Ka zuba wake lafiyayye a watan Nuwamba, ka buɗe a Fabrairu ka tarar duk ya huje, rabi ya koma gari. Sai dai abin da ke cikin kwalbar nan guba ne, kuma ragowarsa da aka riƙa samu a jikin wake ita ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun rufe ƙofarsu, mu kuma muna cinye shi a ƙosai da alale.

Shi ne na zauna na yi dogon rubutu, na ɗora a intanet. Kanun da na sa masa, Allah Ya yafe mini, shi ne: "Muhimmancin Amfani da Dabarun Zamani Wajen Killace Amfanin Gona Bayan Girbi". Na buɗe da sallama, na gode wa masu karatu, na kawo tarihin noma a ƙasar Hausa, sai a sakin layi na huɗu kalmar wake ta leƙo. A lokacin gani nake na yi bajinta.

Ranar da na je Dawanau na tarar da yaran abokin nawa suna shirin yin feshi. Na ce, "Haba Alhaji, ba ka ga abin da na rubuta a kan wannan ba?" Ya ce, "Malam, a ina zan gan shi?" Na ce ya nema a Google, zai fito. Ya miƙa wa yaronsa wayar, ni kuma na tsaya a bayan yaron ina kallon babban yatsansa. Abin da ya buga shi ne: yadda ake ajiye wake baya kwari. Ba killacewa, ba amfanin gona, ba dabarun zamani. Muka yi ta gangarawa ƙasa, rubutuna ko ƙyallinsa babu. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ko dai ya ɓata a hanya ne?"

A daren na rushe shi na sake gini. Kanun ya koma "Yadda ake ajiye wake ba tare da ya yi ƙwari ba, kuma ba da fiya-fiya ba". Na kwashe gaisuwa da tarihi duka, na sa amsar a layin farko, domin mai tambayar nan a tsaye yake cikin rana, datarsa tana tafiya. Na ce: a shanya wake ya bushe ƙayau, har in ka ciza ya ce ƙas. A samu buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura iska cikin kowace leda a matsa, a tabbatar ba huda. A zuba wake, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Kada a haɗa su a ɗauri ɗaya, nan ne mafi yawa suke kuskure. Sai can ƙasa, ga mai son ƙarin bayani, na faɗi dalili: ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe ɗan iskar da ta saura, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Na kuma faɗi asalinsa, cewa masana na jami'ar Purdue a Amurka ne suka faro binciken tare da takwarorinsu a Marwa ta arewacin Kamaru, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa buhun a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar.

Bayanin duk yana cikin rubutun farko. Binne shi kawai na yi.

Inda na fi daɗewa ina kai da komo shi ne batun haruffa masu lanƙwasa. Yaron nan "kwari" ya rubuta, kuma haka kusan kowa ke yi a waya. Amma kwari ai na gangaren rafi ne, ko na kibiya da baka. Abin da ke cin wake ƙwari ne. Na gwada neman abu ɗaya da ƙ, na sake nema da k, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Wani abokina ya ce in watsar da lanƙwasar kawai in huta, tunda masu nema ba sa sa ta. Ban yarda ba. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ake fama a daidaita rubutun nan, ba zan rushe shi don in burge na'ura ba. Matsayar da na ɗauka ita ce: jikin rubutu da kanu ina yin su bisa ƙa'ida, adireshin shafin kuma ina barinsa da haruffa marasa lanƙwasa, sannan ina ƙoƙarin kanun ya ƙunshi kalmomin da kowa ke rubutawa iri ɗaya, kamar "wake" da "ajiye" da "yadda ake".

Daga baya wani ɗalibi ya nuna mini Search Console, wani wuri na Google da ba a biyan ko sisi, inda kake ganin ainihin kalmomin da mutane suka buga har suka iso gare ka. Wallahi na fi jin daɗin karanta jerin nan fiye da jarida. Wani ya rubuta "maganin kwarin wake", wani "buhu mai leda uku", wani kuma ya tambaya ko za a iya zuba masara a ciki. Kowace ɗaya tambaya ce da wani ya yi mini ban ji ba. Ta masarar na mayar da ita rubutu mai zaman kansa, domin amsar e ce, muddin ta bushe sosai.

Akwai abin haushi, ba zan ɓoye ba. Ba a yi wata biyu ba na ga rubutuna a wani shafi, an kwafe shi kaf, an cire sunana, an cika shi da talla. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wajen kwafar sun tsallake layin da ya ce a ɗaure kowace leda daban. Ga kuma masu zuba Turanci cikin injin fassara su kwaso su manna ko dubawa babu. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, kuma yana da ranarsa, amma na taɓa karanta shawarar noma da aka fassara haka wadda ko ni mai sana'ar na kasa gane me ake so manomi ya yi. Google sun sanar a watan Agusta na 2022 cewa za su riƙa fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane a kan wanda aka yi don jawo injin bincike. To, Allah Ya sa. Ni dai abin da ke hannuna shi ne in sa abin da mai kwafa ba shi da shi: hoton hannuna a kan ɗaurin leda, wanda na rage masa nauyi don ya buɗe ko a ƙauyen da sabis ke rawa, da kwanan watan da na sabunta bayanin.

Wasu kan ce me ya sa ba zan tura a WhatsApp kawai ba. Ina turawa. Amma saƙon WhatsApp kwana biyu ne ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, kuma wanda wakensa ya fara hujewa bayan wata uku ba shi da hanyar nemo shi. Shi ya sa nake ɗora na ajiyar wake tun watan Satumba, kafin a fara roro, in ya so daga can in yaɗa.

Yanzu kafin in saki kowane rubutu sai na karanta wa kawuna shi da baki, domin yawancin waɗanda nake yi dominsu wani ne zai karanta musu. Duk inda ya ce "me ka ce?" sai in sa alama. Da na karanta masa na waken ya yi shiru har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, ɓera fa? In ya huda ledar ai aikin banza aka yi." Ban sa ko kalma ɗaya a kan ɓera ba. A nan kan tabarmarsa na ciro waya na ƙara: a ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, a share ɗakin, kuma ledar da ta huje kada a sake zuba wake a cikinta.