Zuwa na Zariya neman ƙarfen huda

Daga Funtuwa na taso da sassafe, aikin ƙyauren ƙarfe ya yi min yawa kuma ƙarfen da muke huda farantin ƙarfe da shi kullum sai ya dakushe ko bakinsa ya lanƙwashe. Mota ta bi ta Giwa da Shika, muka wuce Samaru ta gaban ABU, na sauka Kwangila na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari.

Wani dattijo aka haɗa ni da shi, mai injin sassaƙa ƙarfe. Na miƙa masa guntun rodin da muke aiki da shi, bai ce komai ba ya ɗora a giranda, tartsatsi ya fita dogo ba ya fashewa. Ya ce "ɗana wannan ai kabon ɗinsa kaɗan ne, ko ka kwana kana tsoma shi a ruwa ba zai yi tauri ba." Ya ɗauko sifirin mota, shi kuwa tartsatsinsa sai fashewa yake, ya kuma ɗauko karyayyen bakin diril mai tambarin HSS, wato ƙarfen yankan ƙarfe da gudu, nasa ɗan kaɗan ne ja-ja.

Wallahi nan na zauna, don HSS ɗin nan abin mamaki ne, wani nau'insa tungsten kashi 18 ne cikin ɗari, kuromiyam 4, banadiyam 1, shi ya sa ko zafi ya kusa digiri 600 yana ci gaba da yanka, kuma tun 1900 aka nuna irinsa a baje kolin Faris amma har yau mu daga waje ake kawo mana, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta na nan kwance, abin na ci min rai gaskiya.

Baba ya ce aikina wani ƙarfe da ake kira D2 ya fi dacewa da shi, mai kuromiyam wajen kashi 12, ba ya saurin cinyewa, sai dai tsada kuma yana son murhun da ake auna zafinsa. Muka tsaya kan sifirin. Ya gasa ya yi jawur, ya tsoma a baƙin mai don ruwa na iya tsaga shi, sannan ya sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin kara, don rage gautsi.

La'asar na kamo hanya, na tsaya PZ na ci abinci. Ranar Asabar zan turo yarona ya karɓo sauran ƙarafan hudar.