Inda hanyar zama shugaban makaranta take toshe wa baƙar fata a Amurka

A makarantun gwamnati na Amurka, ɗalibai fararen fata ba su kai rabi ba yanzu, amma kusan kashi 77 cikin 100 na shugabannin makarantun fararen fata ne. Shugabanni baƙar fata kuwa kusan kashi 10 kacal. Giɓin nan yana da tarihi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, jihohin kudu sun rufe makarantun baƙar fata da dama, suka haɗe yaran, amma suka sallami dubban malamansu. Shugabannin kuma aka kore su ko aka rage musu muƙami.

Yau ba kora ake yi ba, tacewa ake yi, kuma tun daga tushe. Malami ba ya yawan tunanin shugabanci sai shugabansa ya kira shi gefe ya ce masa ya dace. Binciken da aka yi a Miami ya nuna shugabanni sun fi yi wa masu launin fata irin nasu wannan tayin. Sai jarrabawar lasisin shugabancin makaranta: a jihar Tennessee an gano waɗanda ba fararen fata ba sun fi faɗuwa, alhali makin bai nuna wa zai iya aikin ba.

Amma babbar matsalar tana kujerar mataimakin shugaban makaranta. Da zarar an naɗa baƙar fata, musamman namiji, sai a ɗora masa ladabtarwa: rikicin yara, dakatar da ɗalibai, lallashin iyayen da suka fusata. Manhaja, kasafin kuɗi, shiga aji don duba malamai, duk a ba wani. Ranar intabiyun neman shugabanci kuwa waɗannan ake tambaya. Sai a ce ba shi da gogewa, bayan su ne suka hana shi ita. A Texas an ga mataimaka baƙar fata sun fi daɗewa kafin a ɗaga su.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A riƙa juya ayyukan mataimaka kowace shekara. A tallata kowane gurbi a fili, kada a bar shi ga raɗa. Kwamitin intabiyu ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane mamba ya rubuta makinsa kafin a fara tattaunawa, domin da zarar babba ya yi magana sauran sukan bi. Hukumar makarantun gunduma kuma ta ƙirga, mataki-mataki, su wa suka nema, su wa aka kira, su wa aka ɗauka.