Radiohead: mutum biyar, jita uku, da maganar wa ke da faifai

A Kaduna, in ka ji ana kaɗa jitar lantarki da ganguna a gaban jama'a, galibi a coci ne, wajajen Sabon Tasha, Barnawa ko Narayi. A situdiyoyin waƙar Hausa kuwa fiyano ɗaya da kwamfuta sun ɗauke aikin makaɗa goma. Shi ya sa ba kowa ke hango yadda mutum biyar za su raba kiɗa ɗaya a tsakaninsu na tsawon shekaru ba tare da an watse ba. Radiohead, 'yan Ingila masu salon da Turawa ke kira alternative rock, wato rok ɗin da ya taso a gefen babbar kasuwa, misali ne mai kyau, domin tun 1985 ba su sauya ko mutum ɗaya ba.

A makarantar maza ta garin Abingdon, kusa da Oxford, suka haɗu. Thom Yorke ke waƙa yana riƙe da jita, Colin Greenwood na kan jitar bes, ƙanensa Jonny Greenwood na kan jitar gaba, Ed O'Brien na riƙe da jita ta uku, Philip Selway na kan ganguna. Sunansu na farko On a Friday, don ranar Juma'a suke atisaye a ɗakin kiɗan makaranta. A ƙarshen 1991 kamfanin EMI ya ɗauke su a kan yarjejeniyar kundi shida, wato albam shida, ya kuma nemi su sake suna, sai suka ari Radiohead daga wata waƙar ƙungiyar Talking Heads. Ka riƙe wannan lambar ta shida, za mu dawo kanta.

Waƙar da ta fitar da su, "Creep", ta fito a Satumbar 1992 ta faɗi warwas a gida. Gidan rediyon BBC ya ce ta cika sa baƙin ciki, ta tsaya a lamba ta 78 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Sai da ta karɓu a Isra'ila, sannan a Amurka, kafin a sake fitar da ita a Birtaniya a 1993 ta hau lamba ta 7. Gininta kuwa mai sauƙi ne ƙwarai. Kod huɗu ne, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare, ke zagayawa daga farko har ƙarshe: G, B, C, sai C maino. In kana danne tsarkiyoyi shida da yatsan nuni, G na gaɓa ta 3 a wuyan jita, B na ta 7, C na ta 8, sai ka ɗaga yatsan tsakiya kawai C ta koma maino. Wannan ɗaga yatsa ɗaya shi ke saukar da zuciyar mai sauraro. Inda masu koyo ke ɓata ta shi ne su buɗe ƙarar jita tun daga baitin farko. Baiti a hankali ake yinsa, ana tsinkar tsarkiya ɗaya-ɗaya, don lokacin da Jonny zai kafta wa jitarsa duka kafin amshi, yana danne tsarkiyoyin da hannu don kada su yi amo, kunne ya ji kamar an banko ƙofa. In an riga an cika wurin da ƙara, dukan ba shi da inda zai sauka.

Akwai wani abu a kan waƙar da marubutan waƙa ya kamata su sani. Jerin kod ɗin da wani sashe na karin muryar sun yi kama da wata tsohuwar waƙa ta Albert Hammond da Mike Hazlewood, aka yi magana, aka sa sunayensu cikin marubuta, suna karɓar kasonsu. A can aron kari ba ya tafiya a banza.

Kundin farko, Pablo Honey na 1993, ba wani abin a zo a gani ba ne in ka cire waƙar nan, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. A na biyu, The Bends na 1995, wanda John Leckie ya tsara, suka gano yadda ake zama da jita uku. Yorke na riƙe da kod yana tafiyar da waƙa. Jonny na shigowa da layuka masu kaifi a can sama, ya fita. O'Brien kuwa sau da yawa ba ka ma gane jita yake kaɗawa, domin yana bi da sautinsa ta cikin akwatunan da ake takawa da ƙafa, masu maimaita amo da masu faɗaɗa shi, sai ya zama kamar hazo a bayan waƙar. Ƙungiyoyin da ke da jita biyu ko uku a nan sukan yi akasin haka: kowa ya kama kod ɗaya a gaɓa ɗaya, a buga tare, sauti ya cakuɗe, mai haɗa sauti ya yi ta ƙara wa kowa murya har sifika ta fara kuka. Ba a gyara wannan a kan na'ura. Mutum ɗaya ya tsaya ƙasa da gaɓa ta 5, na biyu ya haura sama da ta 7 ya kaɗa tsarkiya biyu ko uku kawai, na uku ya koyi yin shiru na rabin waƙa.

A aikin The Bends ne suka san wani matashin injiniyan sauti, Nigel Godrich, wanda ya zama furodusansu a duk kundin da ya biyo baya. Nan ne, a ganina, tarihinsu ya juya. Da aka zo kundi na uku, kamfani ya ba su fam 100,000 suka sayi kayan ɗaukar sauti nasu na kansu, maimakon biyan kuɗin situdiyo awa-awa. Suka fara a wata rumfa da suka gyara kusa da Didcot, sannan suka kwashi kayan zuwa St Catherine's Court, wani tsohon gidan sarauta kusa da Bath. Ɗakunan gidan suka zama kayan aiki: an ɗauki muryar wata waƙa a wajen matakalar dutse don amsa-kuwwar wurin, an ɗauki wata a babban falon rawa da tsakar dare. Mai situdiyo a Tudun Wada ko Kawo da ya manne kowane bango da soso har ɗaki ya mutu zai iya gwada wannan. Zauren siminti mai dogon rufi yana ba ganga da murya faɗin da kwamfuta ke wahalar kwaikwayo. Sharaɗi biyu ne: janareta ya yi nisa, a ja waya mai tsawo, kuma a sa makirufo biyu, ɗaya dab da mai waƙa, ɗaya can nesa yana ɗaukar ɗakin, a gauraya su daga baya. In ka dogara da na nesa kaɗai, kalmomi za su narke.

Abin da ya fito shi ne OK Computer na 1997. Ya hau lamba ta 1 a Birtaniya, ya ci kyautar Grammy, kuma waƙar da suka fara fitarwa daga ciki ta haura minti shida, ba ta da amshi, ta kai lamba ta 3. Sai dai yawon wasa na kusan shekara guda ya gajiyar da su, musamman Yorke, wanda ya kai ga ba ya son jin sautin jita.

Maimakon su sake dafa abin da aka yaba, sai suka ajiye jitar a gefe. Kid A na Oktobar 2000 an gina shi da na'urorin haɗa sauti, gangar inji, yanka-yankan sautin da aka ɗauko daga wasu faya-fayai, da wani kayan kiɗan lantarki na Faransa mai suna ondes Martenot da aka ƙera a 1928, wanda Jonny ya koya. Aikin bai zo da sauƙi ba, don mai ganga da masu jita sai da suka yarda cewa akwai waƙoƙin da ba za a ji hannunsu a ciki ba. Ba su fitar da waƙa ko ɗaya don rediyo ba, kundin ya ɓulla a Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, kafin ranarsa, duk da haka ya hau lamba ta 1 a Birtaniya da Amurka. Amnesiac na 2001 daga zaman ɗauka ɗaya ya fito. Hail to the Thief na 2003, wanda aka ɗauki yawancinsa cikin mako biyu a Los Angeles, shi ne na shida. Yarjejeniya ta ƙare.

Ba su sabunta ta ba. A ranar 1 ga Oktoba 2007 suka sanar a shafinsu cewa sabon kundi, In Rainbows, zai fito bayan kwana goma, kuma mai saukewa shi zai rubuta abin da zai biya, ko da sifili ne. Masu son abin riƙewa a hannu an yi musu akwati na musamman a kan fam 40. Da faifan ya shiga kantuna ta hannun kamfanin XL Recordings a Birtaniya da wani kamfani daban a Amurka, ya sake hawa lamba ta 1 a ƙasashen biyu. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa mawaƙi ba ya bukatar kamfani, amma a yi hattara. Sun yi haka ne bayan sama da shekara goma kamfani na tallata su, suna da situdiyonsu, suna da miliyoyin masu jiransu. Sabon mawaƙin da waƙarsa ke yawo daga waya zuwa waya a kasuwa tun kafin ya sa mata farashi ba a wannan matsayi yake ba.

Daga nan tafiyar ta yi sanyi. The King of Limbs na 2011 an gina shi a kan kiɗan da ake naɗewa yana maimaita kansa, har sai da suka ɗauko mai ganga na biyu, Clive Deamer, don su iya buga shi a dandali. A Yunin 2012 rufin dandali ya rufto a Toronto kafin wasa, ya kashe ma'aikacinsu mai kula da ganguna. A Moon Shaped Pool ya fito a 2016, cike da goge irin na Turawa wanda Jonny ya tsara.

Maganar kundi shidan nan ita ce ta fi daɗewa ba ta mutu ba. Rubuta waƙa haƙƙi ne daban, sautin da aka ɗauka, wanda 'yan situdiyo ke kira masta, shi ma haƙƙi ne daban, kuma wanda ya biya kuɗin ɗauka shi ke riƙe da na biyun sai in takarda ta ce ba haka ba. Takardar da suka sa wa hannu suna samari ta bar mastan a hannun EMI. Da suka tafi, kamfanin ya tattara fitattun waƙoƙinsu ya fitar a 2008 ba da son ransu ba, kuma ba su da ikon hanawa. Sai a 2016, bayan an sayar da EMI an rarraba kadarorinsa, tsofaffin kundin suka koma hannun XL, kusan shekara 25 bayan sa hannun.