Yini Guda a Cikin Dutsen Gran Sasso

Da sassafe muka baro Roma ni da Malam, mai duba aikin digirina, muka kama babbar hanyar A24. Muna wuce L'Aquila, garin da girgizar ƙasa ta ragargaza a 2009, sai ramin mota mai tsawon kilomita 10 ya haɗiye mu. Sai da muka ɓulla ta ɓangaren Teramo muka juyo, domin ƙofar ɗakin binciken kimiyya da za mu, wanda ke cikin dutsen, a hannun dawowa take.

Aka ba mu hular kwano. Ga sanyi, ga dutse mai kaurin mita 1,400 a bisa kanmu, shi ke tare ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya kada su dagula awo. A nan ake farautar ɓoyayyen abu da masana ke kira dark matter, wanda ba ya haske ba ya inuwa, sai dai a gane shi ta yadda yake jan taurari.

Mun fara da na'urar XENONnT, inda tan 5.9 na ruwan xenon ke zaune shiru ana jiran wata ƙwaya ta ɓoyayyen abun ta buge shi ya yi ƙyalli. Har yau shiru. Amma 'yan taku kaɗan daga nan, masu wani gwajin da ake kira DAMA tun 1998 suke cewa sun gani. Ƙyallin da ke cikin lu'ulu'unsu na sodiyam ayodaid yana ƙaruwa a farkon Yuni, ya ragu a Disamba. Hujjarsu: rana tana keta wannan abu da gudun kusan kilomita 220 a daƙiƙa, duniya kuma da nata 30, wani lokaci gudunta ya ƙaru a kan na rana, wani lokaci ya rage shi, ƙyallin ma ya bi haka.

Na ce, "Malam, to wa ke da gaskiya?"

Ya ce, "Ƙyalli ba ya zuwa da suna a goshi. Kai za ka ɗauka ƙwayar nauyinta kaza, gudunta kaza, ga yadda take bugun cibiyar atam, sannan ka fassara."

A lissafin da aka saba, da abin DAMA gaskiya ne, da tuni xenon ya cika da ƙyalli. Masu kare su suka ce wataƙila abin ya fi son sodiyam. Ni dai wannan uzurin bai shige ni ba, tunda masu gwajin ANAIS a Sifaniya da na COSINE a Koriya ta Kudu sun gwada irin lu'ulu'un, ba su ga komai ba.

Da yamma a ƙauyen Assergi muka tarar ana gasa arrosticini, tsiren tunkiya sak, sai dai ba ƙuli. Malam ya ci tsinke goma sha biyu yana zana mini lissafi a bayan rasit.